Mama Phebe da Ɗan Ayu

"Kifi ne, Mama Phebe. A taru ya fito."

"Ba'ana, ka taɓa ganin kifi ya ɗago hanci yana shaƙar iska?"

Ba'ana dillali ya kau da kai. A gabansu, cikin rabin tanki, ɗan ayu ne kwance, dabbar ruwan nan da ake farauta saboda man jikinta, wai yana ƙara soyayya. Masunta suka kawo shi da rai daga bakin tafki. Mahauci kuwa na gefe yana wasa wuƙa.

Phebe Dzarma ma'aikaciyar kula da halittun ruwa ce, ritayarta ta matso. Kullum da safe takan shigo keke mai ƙafa uku daga Maisandari zuwa kasuwar kifi, ta bi rumfa-rumfa tana gaisuwa, tana tambayar inda aka ga ayu da abin da ya same shi. Shekara da shekaru tana roƙon masunta su saki wanda ya faɗa taru. Wasu sun ji. Wasu suka laƙaba mata Uwar Ayu don zolaya, ita kuma ta riƙa amsawa da fara'a.

Ranar dai ta san in baki ya gaza, ba ta da wani makami. Sai ta durƙusa, ta tattare hannun riga, ta miƙa yatsa bakin dabbar. Ya kama tsotso.

Ya Falmata mai bandar kifi, da goyo a bayanta, ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah, nono yake nema! Ba'ana, jinjiri za ka yanka mana?"

"Uwarsa na can tana zagaye inda aka kama shi," in ji Mama Phebe a hankali.

Mu 'yan kasuwar nan shaida ne: ke ce, Mama Phebe, kika koya mana cewa a ƙarƙashin ruwa ma akwai uwa da ɗa. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ga gurbin da za ta bari nan, kada ya zauna babu kowa.

Ba'ana dai ya daɗe yana kallon bakin nan da ya ƙi sakin yatsa. Can ya nisa, ya juya wajen mahaucin.

"Malam, mai da wuƙarka kube," ya ce da ƙarfi, kowa na ji. "A kawo mota, a ƙara ruwa a tankin. Wajen uwarsa za mu mai da shi, ni da kaina zan raka."