Mai Goge a Bayan Farin Ƙyalle

A zamanin da hoton silima yake bebe, ni saurayi ne a Zangon Kumasi, ɗan malamin da kowa ke cire takalmi a ƙofar zaurensa. Na iya goge, amma a ɓoye na koya wajen wani Badagombe, domin a gidanmu kiɗa abin kunya ne. Wani baƙon ɗan kasuwa da ke nuna hoto a rumfar da ake tara buhunan koko ya ɗauke ni in riƙa yi wa hotunansa kiɗa. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: zan zauna a bayan farin ƙyallen da ake haska hoton a kai, kada kowa ya ga fuskata. Daga can nake kallon hoton a juye. In uwa ta rabu da ɗanta, sai in ja goge a hankali, in ji rumfa ta yi tsit, sannan shessheƙa ta biyo baya. Akwai wata mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a layinmu, wadda na gane kukanta tun daga bayan ƙyalle. Da safe in saya a wajenta, ba ta san ni ne na sa idonta ya kumbura ba.

Sai aka kawo hoto mai waƙa da bakinsa. Maigidan ya ce mini in huta, ko kallona bai yi ba. Na biya kuɗin shiga kamar kowa, na zauna ta gaba da niyyar in kushe. Wata mata ce a hoton take rera wa mijinta waƙar ban kwana a bakin jirgi. Ban ji yarenta ba, amma na yi kuka har rigata ta jiƙe. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: kiɗan hoton ya yi kyau, ya fi nawa.

Da muka fito, mai waake ta tare ni tana share hawaye. Ta ce yau ta ji waƙa, gara da aka kori mai ƙiƙi-ƙiƙin nan na da. Ta tambaye ni ko ba haka ba. Na ce haka ne.

Har yau ɗacin bai bar bakina ba. Duk mai sana'ar da yake so, ya yi ta da fuskarsa a waje, ko za a zage shi. Ni na ɓoye tawa don kada a ce ɗan malam makaɗi ne, ga shi na tsufa ba wanda ya taɓa cewa na iya.