Agogo Ya Taɓa Kafaɗar Baƙo

A saman benen filin jirgin sama akwai wani falo da ba kowa ke shiga ba, sai wanda ya yanki tikitin kujerun gaba, irin masu tafiyar awa goma ko goma sha huɗu a sararin sama. A ƙasa, inda sauran jama'a suke, kujerun ƙarfe ne, lasifika kuma ba ta rufe baki. A sama kuwa kafet ne mai haɗiye ƙafa, da kujerun fata masu kishingiɗa, da ɗakunan wanka da tawul mai ɗumi. Abin da masu falon suka fi tutiya da shi shi ne shiru. Sun ce wanda ya biya irin wannan tikiti bai kamata a yi masa ihu a ka ba, don haka ba su sa lasifika ko ɗaya ba.

To amma jirgi ba ya jiran kowa, mutanen nan kuma da barci suke zuwa. Wani a ƙasar da ya fito dare ne lokacin da a nan rana ta take, yana zama sai ka ga wuya ya langaɓe. Shi ya sa aka ɗauki mutum guda, aikinsa ke nan, ya riƙa tashinsu.

Shekara ashirin da uku ya yi yana wannan aiki. Abokan aikinsa suka sa masa Agogo, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Siriri ne, mai furfura, in yana tafiya ba ka jin sawunsa. Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana karanta suna da lamba, sauran kuma a ka yake riƙewa. Baƙo zai shigo ya faɗa masa jirginsa, shi ke nan, ko mutum arba'in ne a falon ya san wanda zai fara tashi da wanda zai biyo baya.

Tashin babban mutum ba kamar tashin ɗanka ba ne. Da farko sai Agogo ya tsaya inda inuwarsa za ta faɗa a fuskar mai barci. In bai motsa ba ya yi gyaran murya. In bai motsa ba ya kira sunansa a hankali sau uku. In abin ya faskara ya kawo kofi mai zafi ya ajiye a kan ɗan teburin da ke kusa da hancinsa, ya kaɗa cokali a ciki. Ya san masu tashi suna ba da haƙuri, ya san masu tashi da zagi, ya kuma san masu rantsuwa cewa idonsu biyu, alhali minsharinsu ya hana na kusa da su sakat. A da, in duk wannan ya ƙi, yakan sa yatsa biyu ya taɓa gwiwar hannun mutum. A duk shekarun nan ba wanda jirgi ya bari a hannunsa.

Sai wani sabon kamfani ya karɓi falon, aka kawo sabon manaja, sa'an babban ɗan Agogo. Ya tara ma'aikata ya karanta musu dokoki. Ɗaya daga ciki ta ce ma'aikaci ba zai taɓa jikin baƙo ba, ko da ƙuda ne ya sauka masa. Wata kuma, can ƙasa, ta ce duk baƙon da ya rasa jirgi saboda barci, laifin mai tashi ne. Agogo ya ɗaga hannu ya tambaya yaya za a yi da wanda ya toshe kunne ya rufe ido. Manaja ya ce ya yi amfani da basira. Da aka watse, matar da ke dafa abinci ta ce masa ai an ce ya yi wanka amma kada ya jiƙe. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Saura shekara biyu ya ajiye aiki, kuma abin da yake so kawai shi ne ya fita ta ƙofar da ya shigo, da sunansa fes.

Wata ranar Talata, wajen azahar, wani mutum ya shigo, babba, da jakar fata, idanunsa jajur. Agogo ya san shi, duk wata sai ya bi ta nan. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kwana biyu bai runtsa ba, an kwantar da matarsa a asibiti a wata ƙasa, gobe da safe za a yi mata aiki, kuma wannan ne kaɗai jirgin da zai kai shi kafin a shiga da ita.

"Baba, ƙarfe uku ka tashe ni," in ji shi. "In na ƙi tashi ka girgiza ni. Ko mari ne ka yi mini, na yafe."

Yarinyar da ke karɓar baƙi tana kan waya, ba ta ji ba. Mutumin ya nufi kujerar ƙurya, ya cusa abin toshe kunne, ya ɗaure ƙyallen rufe ido, barci ya kwashe shi.

Ƙarfe uku Agogo ya je. Inuwa ba ta da amfani ga wanda ya rufe ido da ƙyalle. Ya yi gyaran murya, ya kira suna sau uku, ya ƙara uku. Ya kawo kofi ya kaɗa cokali har wata mata a can gefe ta harare shi. Mutumin ko gezau. Uku da kwata aka bugo daga ƙofar jirgi, aka ce saura mutum ɗaya, uku da rabi za a rufe. Daga falon zuwa can tafiyar minti goma ce ga mai sauri. Agogo ya tafi ofishin manaja, ya tarar da ƙofa a rufe, wai ana taro. Ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba.

Ya dawo ya tsaya a kan mutumin. Ya san akwai kamara a saman kansa, shi ne ma yake goge mata ƙura. Ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya girgiza. Ya sake. A karo na uku ya sa ƙarfi. Mutumin ya zabura, hannunsa ya make kofin, kofi ya fantsama a wandon wani baƙo da ke karanta jarida a kujerar kusa. Mai barcin ya fizge ƙyallen, ya dubi agogon hannunsa, ya suri jaka ya ruga. Ya samu jirgin, ana jan ƙofa ya shiga. Mai wando kuwa ya ce a kira masa manaja.

Washegari aka kira Agogo ofis. Manaja ya juya masa allon kwamfuta ya nuna masa kansa: wani tsoho ya sunkuya a kan baƙo yana jijjiga shi kamar mai kakkaɓe buhu. Hoton ba shi da sauti. Sannan ya turo masa takarda. A ciki an rubuta cewa ya ɗora hannu a kan baƙo ba tare da izini ba, yana neman afuwa. In ya sa hannu, za a mayar da shi ɗakin ninke tawul a ƙasa ya ƙarasa shekarunsa biyu. In bai sa ba, sai ya ajiye katin shigarsa.

Agogo ya ce an ba shi izini, da baki, a bakin ƙofa. Manaja ya ce ina shaida. Agogo ya ce shaidar tana raye, a buga masa waya. Ya san kamfanin na da lambar wayar mutumin. Sun san irin matashin kai da yake so, sun san ba ya shan sukari, ranar haihuwarsa ma sai sun aika masa gaisuwa. Manaja ya ce kamfani ba ya damun baƙinsa da matsalar ma'aikata.

Nan ne ran Agogo ya ɓaci, irin ɓacin da bai taɓa yi ba a wurin aiki. Bai ɗaga murya ba, ya manta yadda ake yi.

"Yallaɓai, da na bar shi ya yi ta barci fa?"

"Da wata takardar ce a gabanka, Baba, ba wannan ba."

Ya ce to a faɗa masa abin da ya kamata ya yi ran nan, ya ji, ko don ya koya wa na baya. Manaja ya ce ba don gardama ya kira shi ba. Ya karɓi katin ya jefa a aljihun tebur tare da takardar, ya ce ya ba shi wata guda, ya kawo rubutacciyar shaida ko ya sa hannu.

A gida maiɗakinsa ta yi faɗa da kamfanin, ta gama, ta juyo kansa. Ta ce takarda ba ta cizo, ya sa musu hannu su ƙarata, tawul ai ba ya kai ƙara. Ta ce ita shekara talatin da biyar yana tashinta da jan babban yatsan ƙafa, wa ta taɓa kai wa kuka? Ya ce mata da sun rubuta ya karya doka, da tuni ya sa hannu, don ya karya. Amma su ce ya kama jikin mutum haka kawai kamar mahaukaci, wannan ƙarya ce, kuma ba zai ɗora sunansa a ƙarƙashin ƙarya ba. Ta ce gaskiyar tasa ya dafa musu ita su ci. 'Yarsu ta rubuta wa kamfanin wasiƙa ta waya, amsa ta dawo cikin minti ɗaya, an gode da tuntuɓa, za a duba. Ba a duba ba.

Sai ya yanke shawarar tsare mutumin da kansa. Ba shi da katin shiga, amma bakin ƙofar waje, inda manyan motoci ke sauke fasinja, na kowa ne. Kullum tun hantsi yake zuwa ya tsaya jikin wani ginshiƙi har la'asar. Masu gadin da a da suke rige-rigen gaishe shi suka fara ce masa ya ɗan matsa can, kada a gan shi su shiga uku. Wata rana mai dafa abinci ta leƙo ta ce yanzu ita da mai karɓar baƙi aka ɗora wa tashin mutane, tuni biyu sun rasa jirgi, amma an ce ba laifin kowa ba ne tunda ba aikinsu ba ne. Agogo ya ji wannan, ya koma jikin ginshiƙinsa.

A rana ta ashirin da shida mutumin ya sauko daga baƙar mota da jakarsa ta fata. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe. Agogo ya tare shi ya yi sallama. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, bai gane shi ba, don ba ya cikin yunifom. Sai da ya ce shi ne mai tashi na falon sama, sannan ya ce af, ya miƙa masa hannu. Ya ce matarsa ta warke sarai, har ta koma aiki. Agogo ya yi masa barka, sannan ya faɗa masa abin da ya faru, a taƙaice, don ya ga yana duban waya. Ya ce layi biyu kawai yake nema, cewa shi ne ya ce a girgiza shi.

Mutumin ya ɗan yamutsa fuska.

"Ni na ce haka?"

"Kai ka ce, yallaɓai. Har ka ce ko mari ne."

"To, wataƙila. Ran nan ba na cikin hayyacina, Baba. Gaskiya ban tuna ba."

Ya ce shi mutum ne da ba ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba, aikinsa ya koya masa haka. Ya ce amma abin bai yi daɗi ba, Allah ya kyauta. Ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi, Agogo ya mayar da hannayensa baya ya riƙe. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, ya shige.

Ranar ƙarshe ta wa'adin Agogo ya je ofis da katin masu ziyara a wuyansa. Manaja ya yi murmushi, ya ce ya san dama zai dawo, ya fito da takardar ya ɗora biro a kai. Agogo ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa kalma bayan kalma. A hankali yake karatu, kuma ranar bai yi ƙoƙarin sauri ba. Manaja ya duba agogo sau biyu. Da yatsan ya kai inda aka ce ba tare da izini ba, ya tsaya. Ya tambaya ko za a iya goge waɗannan kalmomi a bar sauran. Manaja ya ce daga sama aka rubuto, ba a taɓa ko ɗigo.

Agogo ya cire tabarau ya ninke. Ya ce to a ba shi takalminsa na roba da kofin shayinsa da ke cikin durowar ma'aikata. Ba a bar shi ya shiga ya ɗauko ba, mai gadi aka aika, ya kawo su a leda.

Yanzu yana gida. Wani maƙwabci ya samo masa gadin rana a wani shagon katako, yana zuwa, ba ya makara. Maiɗakinsa ta daina yi masa maganar takardar, sai dai in baƙi sun zo ta riga shi cewa don Allah kada a tambaye shi filin jirgi. In aka yi kuskure aka tambaya, zai ba da labarin tun daga bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa, har ya kai ofis. Nan yake tsayawa, ya dubi mai tambayar, ya ce lambar wayar tana gaban yaron nan manaja a rubuce, ran nan da abin yake ɗanye a ƙwaƙwalwar mutumin, ya ƙi bugawa.