Kalmar da Ke Kan Rufi

Kawuna mai fenti ne, ana ce masa Buroshi. Tun ina ƙarama nake ganinsa a kan tsani yana rubuta sunayen shaguna, wando duk ɗigon fenti, baki kuwa ba ya hutawa. In mai shago ya ce harafi ya karkace, sai Kawu ya ce, "Idonka ne ya karkace, malam."

Da jirage marasa matuƙa suka fara shawagi a kanmu, hankalin kowa ya tashi. Da farko na sojoji ne kawai, daga baya kowane ɗan bindiga ya samu nasa. Sai dai ka ji zuuu a sama, ba ka san na wane ne ba, ba ka san me ya ɗauko ba. 'Yar Kawu ɗaya tilo tana koyarwa a makarantar bayan layinmu. Bai jira kowa ba, ya hau rufin kwanon makarantar ya rubuta MAKARANTA da farin fenti, kowane harafi ya fi ƙofa tsawo.

"Mai tuƙa abin nan daga nesa ai mutum ne," in ji shi. "To, ya karanta."

Sai ga mai sito na bakin titi, wanda motoci ke sauke wa akwatuna a rufe, kuma duk mun san ba sabulu ne a ciki ba. Wai shi ma a rubuta masa kalmar a rufinsa.

"Aji nawa gare ka?" in ji Kawu.

"Kai dai rubuta, Buroshi."

"Ranar da aka gane taka ƙarya ce, ta 'yata ma ta zama ƙarya. Ba da hannuna ba."

Mutumin ya samo wani ya rubuta masa. Wallahi na tsorata, na roƙi Kawu ya bar maganar. Ina! Da rana tsaka, jama'a na kallo, ya jingina tsani, ya hau da bokitin baƙin fenti, ya shafe ta tas. Mai sito na ƙasa yana kumfar baki. Iyayen yaran makarantar suka zo suka riƙe wa Kawu tsanin. Ba a daɗe ba aka kwashe akwatunan.

Yanzu gwiwa ta fara damun Kawu, amma duk bayan damina sai ya hau ya sabunta haruffan. Bana 'yarsa ta fito daga aji ta ce, "Baba, sauko haka nan, ai suna karantuwa."

"Koma aji," ya ce. "Ba zan bari wani ya ce bai gani ba."