Ranar da Na Ƙirga Shirwa da Habu a Kan Dala

Jama'a, abin nan da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko gishiri ban ƙara masa ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki ne, da kaka, fastocin 'yan takara ma ba su gama ɓallewa daga bangon unguwarmu ba. Ina koyarwa a wata firamare a lokacin, sai wasu masu bincike daga jami'a suka ba mu aikin ƙirga tsuntsaye masu farauta, su shirwa da shaho, da ke ketawa ta saman Kano suna yin kudu idan damina ta ɗauke. Ni da Habu aka ba Dutsen Dala, duk Asabar da Lahadi.

Habu taubashina ne, ɗan kawuna, kun kuwa san tsakanin taubasai ba a maganar kirki. Shi ya ce min Bawa, ni in ce masa Malalaci, tun muna yara haka muke, har ba na iya tuna ranar da muka yi magana babu tsiya a ciki. Yadda muke aikin kuwa, baya da baya muke tsayawa mu jingina da juna saboda kallon sama yana kashe wuya, ni gabas shi yamma, kowa da carbinsa yana ja. Doka ɗaya ce, ba a waiwaye, kana sauke ido lissafi ya ɓace.

Ran nan da safe na biya masa Gwammaja, na tarar da shi kwance, ashe zazzaɓin da yake ta fama da shi ya ci ƙarfinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Bawa, yau kada ka hau. Zauna tare da ni, ba na jin daɗin jikin nan."

Na ce, "Kai tafi can, Malalaci, mugu ba ya mutuwa da wuri."

Matarsa Rabi tana bakin ƙofa ta ce, "Malam, da gaske yake fa." Na dubi idonsa na ga da gasken ne, ba zan ɓoye muku ba, amma bakina ya riga ya saba da wasa, na rasa yadda ake yi masa magana ta hankali. Na zare hannuna na ce yanzu zan leƙa in dawo.

To ina hawa, tsuntsayen nan suka ɓarke, tunda muka fara aikin ban ga irinsu ba. Shirwa ce garke bayan garke, su yi ta kewaya saman birni har su zama ɗigo-ɗigo sannan su miƙe. In ce daga wannan zan sauka, sai wasu su ɓullo. Idona na sama, zuciyata na Gwammaja.

Ina cikin haka sai na ji baya ya jingina da nawa, da ɗuminsa, har da warin man zafin da aka shafa masa. Muryar Habu ta ce, "Bawa, gabas ɗinka kake bari suna wucewa." Kai, daɗin da na ji! Kuma abin kunya, ba don ya samu sauƙi na fi murna ba, don ya hutar da ni saukowa ne. Ban waiwaya ba, na ce ashe dai ƙaryar ciwo ce, muka ci gaba, yana kiran nasa ina kiran nawa, muna ta tsiya kamar kullum.

Can sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Na tafi fa."

Na ce, "Ƙarya kake, ba inda za ka sai mun gama." Ya sake faɗa, na sake ƙaryata shi ina dariya.

Ana fara kiran azahar na ji bayana ya yi sakayau, saura kaɗan in faɗi rigingine. Na juya, ba kowa, sai awaki can gefe. Na ce ɓuya ya yi don ya tsokane ni, na sauko ina shirya irin ramuwar da zan yi masa.

Tabarmi na fara gani a ƙofar gidan, da mutane jugum, sun dawo daga maƙabarta. Innalillahi. Kawu ko kallona bai yi ba. Sani, ƙanen Habu, shi ya ja ni cikin soro, ya ce ban daɗe da fita ba rai ya yi halinsa, kuma shi da kansa ya hau Dala kirana.

Ya ce, "Yaya, kai kaɗai na samu. Ka karkata baya kamar wanda ya jingina da bango, alhali babu komai a bayanka, kana ta surutu. Na gaya maka ya rasu, na maimaita, ka ce min ƙarya nake, kana dariya. Ko juyowa ba ka yi ba."

Ban samu sallarsa ba, ban kama makararsa ba, ni da ya roƙa in zauna. Na kai maganar wurin malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce in bar tonawa in yi masa addu'a, ita nake yi har gobe. Rabi ba ta taɓa tayar min da zancen ba, gaisuwa take yi min da mutunci, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Aikin tsuntsaye daga ranar na bar shi. Har yanzu ko a mota wani ya jingino da bayana sai tsigar jikina ta tashi, domin ban san wa ya riƙe nauyina a kan dutsen nan ba.

Don Allah, in mara lafiya ya kama hannunku ya ce ku zauna, ku zauna, ko da abokin wasanku ne.