Kawu Didam da Kujerar da Ta Daina Ɗumi

Duk wanda ya san Kawu Didam, yayan mahaifiyata, ya san ba ya aro. Ko fartanya ce ta karye masa a tsakiyar gona, ya gwammace ya tuge ciyawa da hannu da ya leƙa gonar maƙwabci. Ku 'yan cocinmu na Madakiya ai kun tuna kujerarsa ta roba da yake ɗaurowa a bayan keke duk Lahadi. Fasto ya taɓa ce masa, "Baba, ga benci nan ai, na kowa ne."

Ya ce, "Na kowa ne? To ba nawa ba ne ke nan."

Muna dariya, amma abin yana da tushe. A al'adarmu, wanda aka ba aron gona yakan kai wa masu ƙasar damin dawa duk kaka. Ba don damin zai cika musu rumbu ba, sai don mai noman ya riƙa tuna cewa shi baƙo ne a wurin. Haka mahaifinsu ya yi ta kai dami har ya tsufa, rana ɗaya aka karɓe gonar da cittarsa a cikin ƙasa. A gaban Kawu aka yi, yana ɗan yaro.

To ga wannan mutum ne ɗansa Istifanus ya aiko da mota 'yar Kwatano daga Abuja. Kafin ya taɓa ko murfinta sai da ya tambaya, "An biya duka?" Aka ce an biya, ga sunansa a takardu. Sannan ya shiga.

Motar tana da wani maɓalli, in ka danna sai kujera ta ɗauki ɗumi. Matarsa, Mama Ladi, tonon citta ya riga ya cinye mata baya. In sanyin Disamba ya sauko ko sunkuyo ba ta iya yi. Ranar da ta fara zama a kujerar nan ta lumshe ido ta ce, "Didam, wannan kujera ya fi maganin asibiti." Shi ke nan! Mutumin da yake kashe inji a gangaren Kagoro don kar mai ya ƙone, sai ga shi kullum da safe yana tayar da mota a tsakar gida, ba inda za shi, Mama tana ciki tana gasa baya.

Wata safiya maɓallin ya ƙi. Na raka shi Kafanchan wajen abokinsa Malam Sabo mai gyaran wayar mota. Malam Sabo ya duba, ya sake dubawa, ya karanta Turancin da ya fito a allon motar, ya girgiza kai.

"Baba Didam, waya lafiya, fis lafiya. Daga kamfani suka rufe. Baturen da ya fara sayen motar ne yake biyan kuɗin wata, to nasa ya ƙare."

"Suka rufe? Yaushe suka zo gida na?"

"Ba sai sun zo ba. Daga can suke yi."

"Tsaya, Sabo. Wayan da ke cikin kujera, na waye?"

"Naka."

"Batir fa?"

"Naka ne."

"Mai da yana ƙonewa?"

"Kai ka saya."

"To zafi ne kawai nasu?"

Malam Sabo ya ce, "Wallahi zafin ne nasu. In na haɗa kai tsaye kuma ƙwaƙwalwar motar na iya rikicewa, ba zan ɗauki alhakinka ba."

Ni kam har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi. Wane irin rashin kunya ne wannan? Ka ƙera abu, ka saka shi a mota, ka karɓi kuɗinka cif, sannan ka koma can ƙasarku ka miƙo hannu ka rufe, ka ce sai an riƙa yi maka albashi! Mai kaza a kasuwar Kafanchan in ya sayar maka da kaza, ba ya biyo ka gida ya ce ƙwan nasa ne. Waɗannan kuwa da kwat da taye suke yi, ba wanda ya kira su ɓarayi. Tsohuwa tana kuka da baya, maganin yana ƙarƙashinta, wani da bai san ana ruwa a Madakiya ba ya sa masa kwaɗo.

Istifanus ya bugo waya ya ce, "Baba, ƙaramin abu ne, sabskirishan ne kawai, kuɗin wata. Zan riƙa biya."

Kawu ya miƙe tsaye da wayar a kunne. "Dami ne! Ka je makaranta ba ka gane dami ba? Ranar da ka biya, ka sa hannu cewa mota na aro ne. Ka biya ka gani, in ban tura shi cikin rafi ba!"

Ranar ni ma na yi masa tatas. Na ce, "Kawu, taurin kanka naka ne, amma bayan na Mama ne. Ita za ta sha wahalar faɗanka da Bature?" Ya juya ya shige ɗaki. Na zaci na yi nasara.

Ina! Washegari da sassafe na ji ƙauri. Na fito na tarar ya ɗebo yashin rafi yana soyawa a tsohon kasko. Ya juye a jakar da ya ɗinka da tsohon zanen zumuntar mata, ya ɗora a kan kujerar motar. Yashin ya yi zafi fiye da kima, fatar kujera ta narke, hayaƙi ya tashi. Na ɗora hannu a ka na ce, "Kawu, ka ƙona mota!"

Ya leƙa ramin, ya gyaɗa kai. "Ƙonuwan ma nawa ne."

Daga baya ya gane gwargwadon wutar, ya daina wahalar da mota, ya koma kai mata jakar har kan gado. Kullum da safe yake yi. Ko da tari ya kama shi muka ce ya bari mu karɓa, sai ya kore mu, wai ba mu san hannun yashi ba. A haka ciwon ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bayan jana'iza Istifanus ya zaro waya ya ce yanzu kam zai biya, Mama ta huta. Ta riƙe hannunsa.

"Ajiye wayan nan. Kana so in zauna a zafin da babanka ya ƙi? Su kamfani sayarwa suke yi. Wanda yana tashi ya hura mini wuta ya tafi."

Yanzu ni nake soya yashin. Kullum sai ta ce bai kai nasa ba, kuma na san gaskiya ta faɗa.

Ubangiji ya gafarta masa taurin kansa, ya karɓe shi cikin salama. Ya ta'azantar da Mama Ladi, ya sassauta mata wannan baya. Amin.