Rumfarsu ta Huɗu, Tamu ta Tara

Sun fesa wa rumfar furanni maganin ƙwari da sassafe, suka bari Hermelinda Cabascango ta shiga da almakashinta, da ta fito daga asibiti kuma suka miƙa mata takardar gargaɗi, wai ba ta karanta sanarwa ba. Ta karanta. Ina tsaye a gefenta ta karanta, da ƙarfi ma, saboda waɗanda idonsu ya fara rauni.

Ni na riƙe 'yarta ta fari ranar baftisma, shi ya sa komadre muke ce wa juna. Shekara ashirin da shida ke nan tana yankan furen wardi a gonar nan ta bayan garin Cayambe. Tana 'yar goma sha tara ta sauko daga ƙauyensu na kan dutse, inda take tatsar shanun babanta. Mijinta ya tafi Sifen neman aiki, ya yi shekara biyu yana waya, ya daina. Da yatsun nan da ƙaya ta gama tsattsagewa ta raini 'ya'ya uku. Mace ce da ba ta iya zama ba. Motar ma'aikata ba ta gama tsayawa take dira. Abincin rana ma a tsaye take ci, dafaffiyar masara da wake a hannu, ido a kan ƙofar rumfa.

A da muna da mai feshinmu, Don Eliécer. Yakan same mu inda muke sa takalman roba ya ce, "Yau rumfa ta bakwai na fesa, 'yan mata. Wadda ta gaji da mijinta ta shiga."

Hermelinda ta ce, "Tsoho, kai ne gubar, ba abin da ka goyo ba."

Sai ta je ta ɗaura jan ƙyalle a ƙofar ta bakwai. Ba ofis ne ya sa ta ba, ita ta ɗora wa kanta.

Bara ya yi ritaya, gona ta ba wani kamfani na waje aikin feshi. Suna zuwa cikin farar mota, su gama su tafi kafin mu iso, su bar takarda manne a babbar ƙofar gona. Da farko ba a ga komai ba, domin ranar Asabar suke fesa gonar duka, mu kuma sai Litinin. Da ranar masoya ta matso aka koma aiki har Lahadi, sai suka fara fesa rumfa ɗaya-ɗaya, mu muna yanka a sauran.

Rumfunan leda goma sha biyu ne, kuma babu lamba a ƙofar ko ɗaya. Mu daga tankin ruwa na can sama muke ƙirgawa, domin a nan aka kafa ta farko, sauran suka biyo gangare har bakin titi. Ko wadda ta zo jiya ta san haka. Su kuma taswirar da ofis ya ba su daga titi take ƙirgawa. Babu wanda ya tambaye mu. Tambaya ɗaya tak ta isa.

Ranar Talatar nan takarda ta ce rumfa ta huɗu, kada a shiga sai gobe. Hermelinda ta haura ta ɗaura ƙyallenta a ta huɗu, har ta kori wata budurwa a cikinmu, Nélida, daga wurin.

"Ke, kunnen ƙashi! Saurayin naki gawa zai aura?"

Sannan ta gangara ta tara, inda muke da yanka ranar. Ita ce a gaba kamar kullum. Ta tara ɗin nan ita ce ta huɗunsu.

Mu bakwai muka iso bayanta da kamar minti ashirin. Na same ta a durƙushe tsakanin kunyoyin wardi tana amai, ido yana zubar da ruwa, amma hannu ɗaya a sama tana kora mu.

"Kada ku shigo! Komadre, mayar da su!"

Kwana biyar ta yi a asibiti. Yanzu hawan da a da take yi da gudu zuwa gidanta sai ta tsaya sau uku tana riƙe ƙirji.

Na raka ta ofis ranar da aka kira ta. Injiniya Baquero, wanda bai cika shekara da zuwa ba, ya turo mata takardar ta kan tebur.

"Doña Hermelinda, sanarwa ta ce ta huɗu."

Ta ce, "Injiniya, fito ka nuna mini ta huɗu."

Ya fito bakin ƙofa, ya ƙirga da yatsa daga titi, ya nuna.

Hermelinda ta ce, "Wannan ta tara ce tun kafin ka iya ɗaura igiyar takalmi."

Ya ja wuyan rigarsa, ya ce to wannan magana ce ta kamfanin feshi. Takardar dai bai janye ba. Na kira lambar da ke jikin farar motar, wata ta ce su da taswirar gona suka yi aiki, in tambayi gona. Na nemi kwamitin lafiyar ma'aikata da sunayensu ke manne a bango: mai sito, sakatariya, direba. Babu wanda ya taɓa riƙe almakashi a cikinsu, kuma direban bai ma san yana ciki ba.

Likita ya ce ta kwanta. Kwanciya? Kullum gari na wayewa tana kan rufin ɗakinta da bargo, tana tari, tana leƙen inda farar motar ta tsaya, domin daga can ana hango gonar duka. Sai wayata ta yi ƙara muna cikin mota.

"Komadre, suna ta bakwai."

"Tasu ko tamu?"

"Tamu mana, sakarya! Ni na taɓa ƙirga tasu?"

Haka mata sittin suke shiga aiki yanzu. Jiya hazo ya rufe gangaren, ba ta ga komai ba. Muka tsaya cirko-cirko a bakin babbar ƙofa da takarda a gabanmu, kowa tana ƙirga da yatsa, wata daga sama wata daga ƙasa, ana gardama, mai kula da mu yana tafa hannu yana cewa motar kaya tana jira. Na shiga rumfar da aka tura ni ina shaƙar iska kaɗan-kaɗan, ban san ko ita ce aka fesa ba. Saura mako uku ranar masoya, kuma kullum za a yi feshi.

Kai mai gona, da kai shugaban kamfanin feshi, da ku nake. Kafin Litinin ku zo tare, ku biyu, ba saƙo ba. Ku bi mu ƙofa ƙofa daga tanki har titi, da gwangwanin fenti, a rubuta lamba ɗaya da kowa ya yarda da ita. Mai feshinku ya tsaya har motarmu ta iso, ya faɗa mana da bakinsa inda ya fesa. Ku sa masu yanka biyu a kwamitin nan, mu za mu zaɓe su. Ku yaga takardar gargaɗin a gaban Hermelinda, ku kai ta wurin likitan ƙirji a birnin Quito, ku ajiye mata aikinta har ta warke.