Basillar da Ta Wuce Maɗugu

Shekara arba'in da ɗoriya Maɗugu ya yi yana ɗaukar kayan mutane a bakin iyakar Magama. Mutumin wani ƙauye ne can gefen Ɗan Isa, a ƙasar Nijar. Ya ƙetaro yana saurayi a wata shekarar yunwa, da niyyar ya ci rani ɗaya ya koma gida, sai ranin ya ƙi ƙarewa. A nan ya auri Tsahara, suka haifi 'ya'ya huɗu, biyu suka koma, biyun da suka rayu mata ne, suna gidajen mazajensu a Maraɗi. Ba shi da gona, ɗakin da yake kwana ma na haya ne. Duk abin da ya mallaka a duniya bayansa ne, kuma yana ji da shi kamar yadda ɗan acaɓa ke ji da babur ɗinsa.

Aikin ba shi da wuyar fahimta, wuyar yi gare shi. Motar Nijar ta zo da wake ko albasa, ta Najeriya ta zo da masara ko siminti, a jingina katako a bayan mota, ɗan dako ya ba da baya a aza masa buhu, ya hau ko ya sauko. An rufe iyakar nan an buɗe, an sake rufewa an sake buɗewa, Maɗugu yana nan. Waɗanda suka fara tare da shi, wasu suna kabari, wasu suna gida a kwance ana juya su.

'Yan dakon wurin suna da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Buhu yakan yage wajen lodi, don haka a ƙarƙashin rumfar kwano akwai mutum ɗaya da ke zaune da basilla, babbar allurar nan ta ɗinkin buhu. Kowace yamma ana fitar masa da rabonsa daidai da wanda ya wuni yana hawa katako. Ba a ba kowa basilla sai ɗan dakon da bayansa ya ƙare, kuma in ya karɓa tasa ce har mutuwa. Sharuɗɗa biyu ne kacal. Na farko, ya miƙe gaban jama'a ya ce da bakinsa, "Na gaza." Na biyu, ya zama mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, domin ɗan kasuwa yakan bar masa buhu a buɗe ya tafi, in ya dawo aka ce masa mudu biyu ne suka zube, to biyu ne, ba mai sake awo.

Wani tsoho mai suna Lado ne ke riƙe da ita shekara goma sha ɗaya. Kowa ya san in Lado ya kau Maɗugu ne, don shi ne babba a cikin masu ɗauka, kuma ko goro bai taɓa tsinta a ƙasa ya jefa aljihu ba. Shi ma ya sani, amma ba ya son zancen. In an tsokane shi da shi sai ya haɗe rai, ya je ya zaɓi buhun da ya fi kowanne nauyi. Abin da ba su sani ba, bayan ya riga ya fara tafiya. Kullum da asuba sai Tsahara ta gasa masa shi da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya kafin ya iya miƙewa, ƙafarsa ta hagu kuwa wani lokaci ba ya jin ta sam. Basillar nan ita ce kaɗai tsufan da ya tanada wa kansa, shi da matarsa.

Ana haka sai yayin laimar kwaɗi ya iso. Laimar kwaɗi dai wadda kowa ya sani, mai fitowa a juji da gindin ruɓaɓɓen icce da damina, wadda ake kwaɗe hannun yaro in ya taɓa. To ita ce aka ce mutanen wasu ƙasashe sun gano tana kashe gajiya, tana kwantar da hankali, tana mai da tsoho yaro. Aka niƙa ta aka zuba a kofi, aka zuba a shayi, aka zuba a garin kunu, aka ƙulla a leda mai ƙyalli. Kafin ka ce me, shagunan Katsina da na Maraɗi sun cika da ita. Ma'aikacin da ba zai iya gaya maka sunan kakansa ba, sai ka ji yana lissafo maka sunayen laimar kwaɗi kala biyar.

Wanda ya kawo ta Magama wani magidanci ne ɗan Jibiya, Zunnuraini, mutum mai fara'a da zaƙin baki, wanda ya sayar da turare ya bari, ya sayar da maganin ƙiba ya bari. Ya kafa tebur kusa da rumfar 'yan dako, da filas da kofunan roba. Ran nan ya ga Maɗugu yana saukowa da buhun masara, ya bi shi da ido har ya dire.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Sittin da wani abu. Mi ya hwaru?"

"Ba komi. Zo ka sha wanga, kyauta na."

Maɗugu bai taɓa sa kofi a bakinsa ba, shi mutumin koko ne da fura. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya shanye don kunya. Ba a jima ba ya ji zuciyarsa na bugawa, idonsa ya buɗe, jikinsa ya yi sakayau. Ranar ya yi aiki kamar wanda aka biya bashi. Gaskiya ita ce ya ji wani abu, kuma ciwon ya ɗan lafa, ko kuwa ya manta da shi. Ko laimar ce, ko kofin ne, ko sukarin da aka zabga, Maɗugu ba likita ba ne balle ya rarrabe.

A rana ta huɗu Zunnuraini ya roƙe shi ya tsaya a ɗauke shi a waya. Aka aza masa buhun masara, aka ƙara ƙaramin buhun gishiri a sama, ya hau katako ya sauko, 'yan dako suna ihu. Da ya dire, gadon bayansa ya ba shi wata irin suka da ta sa ya ga duhu, amma ya daure ya tsaya cak. Zunnuraini ya matso da waya.

"Baba, gaya ma jama'a, akwai inda ka yi maka ciwo?"

Da su biyu ne, wataƙila da ya faɗi gaskiya. Amma ga samari talatin sun kewaye shi, waɗanda ya haifi sa'o'in iyayensu, kowa ya zuba masa ido. Sai ya daki ƙirji.

"Wallahi tallahi, tun da ni hwara shan abin ga, babu inda ka yi mini ciwo. Bayana kamar na ɗan shekara ashirin!"

Ba wanda ya ce ya rantse. Ko Zunnuraini bai nema ba. Girman kai ne ya ɗauko rantsuwar ya sa masa a baki, shi kuma ya tauna.

Cikin mako guda bidiyon ya zaga daga Maraɗi har Katsina. Aka buga hotonsa da buhu biyu a baya, aka manna a teburin Zunnuraini da shagunan kasuwar Jibiya. Ladansa kwali ɗaya na kofin da wata riga mai rubutu. Amma ba kwalin ne ya tafi da shi ba. Mutumin da aka yi shekara arba'in ana ce masa "kai, dako, zo nan," yau direbobin Nijar na danna masa hon suna kiran "Baba Ƙarhe!" Har wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan na Nijar, ya ƙetaro don kawai ya ɗauki hoto da shi. Wa zai ce bai ji daɗi ba? Ya ji, har tafiyarsa ta canja.

Tsahara ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Maƙwabciya ta nuna mata a waya, ta kalla har ƙarshe. Washegari tana gasa masa baya ta ce, "Malam, wanga bayan da ni ka gasawa, na wane na? Don naka dai na ji an ce na ɗan shekara ashirin na."

"Ke dai yi aikinki."

"Ina yi. Amma da sunan Allah ka haɗa, ba da nawa ba."

Ya tashi da kyar ya fita.

'Yan dako kuwa sun ɗauki maganar da gaske, don Maɗugu ne ya faɗa, kuma Maɗugu ba ya ƙarya. Wasu suka daina cin garau-garau da rana, suka koma shan kofi a kan yunwa. Akwai wani Manu, mutumin Bugaje, ɗan shekara hamsin, mai fama da gwiwa, wanda likita ya ce ya rage ɗaukar nauyi ya riƙa zuwa ana duba shi. Manu ya watsar da katin asibiti, ya kama kofi safe da rana, ya ci gaba da hawa katako. Wata huɗu gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, sai da sanda yake takawa.

Shi ma Maɗugu kofin ya daina yi masa aiki. Ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, hannu ya fara rawa, ciwon na nan daram. Ga shi duk kayan da ya gagara sai a ce, "Ku kira Baba Ƙarhe." Ya zai ce a'a, hotonsa na kallonsa daga tebur? Haka yake zuwa ya ba da baya, yana murmushi yana tsine wa bakinsa a zuci.

Da damina ta tsaya Lado ya rasu. Bayan addu'ar uku, da la'asar, Sarkin Dako ya tara kowa a rumfa. Sarkin abokin Maɗugu ne na shekara talatin, tare suka sha rana tare suka sha ruwan sama. Ya ɗaga basilla ya ce, "Wa ya gaza?"

Manu ya dogara sanda ya miƙe. "Na gaza."

Maɗugu na zaune, gumi na keto masa. Tun rasuwar Lado yake maimaita kalmomin nan biyu a ransa. Ya tuna Tsahara, ya tuna ɗakin haya, ya tuna abokansa da ke kwance ana juya su. Ya dafa ƙasa ya miƙe.

"Ni ma na gaza."

Rumfar ta fashe da dariya, an zaci barkwanci ne. Wani ya zaro waya ya kunna, muryar Maɗugu ta cika wurin tana rantsuwa. Sarki bai yi dariya ba, ya ɗaga hannu aka kashe.

"Maɗugu, na yarda bayanka ya ƙare. Na daɗe ina ganin yadda kake jan ƙahwa, na yi kurum don in ruhwa maka asiri. Tambaya guda ni ka yi maka. Ranar da ka rantse, shina maka ciwo ko ba shi yi?"

Ƙofa a buɗe take. Da ya ce daga baya ciwon ya zo, ba mai iya ƙaryata shi, kuma idon Sarki kamar yana roƙonsa ya faɗi hakan. Amma wannan karon ma zuciyarsa ce ta tsaya masa, ta wata fuskar. Ya yi ƙarya sau ɗaya ya san ɗacinta, ba zai iya ƙara ta biyu ba.

"Shina yi," in ji shi. "Ranar ma har duhu na gani."

Dariya ta ɗauke. Manu ya juyo ya dube shi. "Yaya Maɗugu, don maganarka hwa ni bar asibiti. Da wani ya hwaɗi, da ban ko saurara ba."

Sarki ya daɗe yana juya basillar a hannu. "Kun san sharaɗi, ba ni na aza shi ba. Dut ɗan kasuwar da ka shigowa nan ya ga bidiyon ga. Gobe in ka ce mashi mudu biyu sunka zube, shi tuna ka taɓa rantsuwa kan abin da ba shi ba, mi za mu ce mashi?" Ya miƙa wa Manu basilla ba tare da ya dubi abokinsa ba.

Maɗugu ya je wurin Zunnuraini ya ce a cire hotonsa. Mutumin ya cire nan take ba gardama, don dama ya samo sabon kaya, garin kunun laimar kwaɗi na mata masu jego, yana neman wurin manna nasu hoton. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, ni ban ce ka rantse ba." Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Yau shekara biyu ke nan. Maɗugu na nan a Magama. Samari suna tausaya masa suna bar masa buhun barkono da ƙunshin tabarmi, shi kuwa tausayin ya fi siminti yi masa nauyi. In ƙananan kaya sun ƙare dole ya ba da baya ga manya, don tukunyar Tsahara ba ta san ciwo ba. Manu yana inuwa, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau, kuma Maɗugu ya girme shi da fiye da shekara goma.

Abin da ya fi cin ran tsohon ba bayan ba ne. Kowace safiya sai ya bi ta rumfa ya gaida Manu, kuma ya kama kansa yana ƙare masa kallo, yana kasa kunne ko zai ji tari, yana duba ko idonsa ya yi ja, don basilla ba ta sauya hannu sai mai ita ya kau.

"Manu, an tashi lahiya? Ya jiki?"

"Lahiya lau, Yaya. Garau ni ke, alhamdu lillahi."

Sai Maɗugu ya ji wani abu ya faɗi a ƙirjinsa, ya san ko mene ne, ya ji kunyar kansa ta rufe shi. Ya ce "Madalla," ya nemi gafarar Allah a ɓoye, ya ja ƙafarsa ya nufi katako.